Rashin farin jini ba ya ƙara wa ɗan wasa maki

A gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Tudun Wada, kusan kullum sai na ji wani ya ce sirrin Fantasy Premier League, wasan intanet da mutum ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan Premier League yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili, shi ne ɗauko ɗan wasan da ba kowa ya saka ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce: in kowa na da Haaland, makinsa ba zai ɗaga ka sama da abokanka ba.

Amma wasan ba ya duba yawan masu ɗan wasa. Ɗan tsakiya in ya ci ƙwallo maki 5 ne, ko mutum goma suka saka shi ko miliyan biyar. Ƙarancin masu shi yana amfani ne kawai ranar da ya yi abin kirki. Ranar da ya zauna a benci kuwa, kai kaɗai za ka sha kunu.

Ga Cole Palmer a kakar 2023/24. Farashinsa a wasan ya fara a fam miliyan 5, ya koma Chelsea daga Manchester City, ya ci ƙwallo 22 a gasar, ya ƙare da maki mafi yawa. Waɗanda suka riga kowa ɗaukarsa sun lura ne yana buga minti 90, kuma shi ke buga fenariti.

Shi ya sa ni nake fara duba minti, sai fenariti da bugun kwana, sai wasannin da ke gaba. A cikin 'yan wasa 15 na ƙungiyata, biyu marasa farin jini sun ishe ni, domin kowane canjin ɗan wasa da ya wuce na kyauta maki 4 yake ci.