Mu mazauna bayan garin Abuja, ina za mu taka ƙafa?

Wata takwas ke nan da likita ya ce jinina ya hau. Bayan magani sai ya ƙara min da sharaɗi: tafiya a ƙasa, aƙalla minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, sai da na fita neman wurin.

A Kubwa nake zaune. Makon farko bakin titi na bi bayan sallar asuba. Ga 'yan acaɓa, ga hayaƙin manyan motoci, ga kwata a buɗe, ido ɗaya a ƙasa ɗaya a baya. Da ciwon kai nake komowa gida.

Wasu za su ce ai ga Millennium Park. Gaskiya ne, wuri ne mai kyau, tun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe shi a Disambar 2003 yake ɗaukar jama'a, ga inuwa ga rafi ya ratsa tsakiyarsa. Amma a Maitama yake. Ma'aikacin da ke kwana a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, nawa zai kashe a mota kullum don ya je ya yi tafiyar rabin awa? Bakin tafkin Jabi kuwa ranar Asabar da safe cike yake da masu atisaye da lasifika. Ban ga laifinsu ba, amma ni shiru nake nema.

Abin da ke min ciwo shi ne, waɗanda suka zana taswirar birnin nan a 1979 sun yi tunanin wannan. Sun ware filaye masu yawa, musamman bakin rafuka da gindin duwatsu, a bar su da itatuwansu. Yau je ka duba. Da yawa an katange su, an jera kujerun roba, ana gasa kifi ana kiɗa har tsakar dare. Unguwannin bayan gari kuma, inda yawancin masu yi wa birnin aiki suke, sun tashi ne gida kan gida, ba a bar wa yara ko filin ƙwallo na kirki ba.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya fitar da ni. Ya ce, "Ɗana, ka daina neman inda aka kafa allo. Bi hanyar manoma." Ya kai ni wajen Ushafa, ƙauyen masu tukwanen nan da shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ziyarta a 2000, kusa da madatsar ruwan Usuma da ke shayar da Abuja. Bayan gidajen ƙarshe akwai 'yar siririyar turba da ƙafa ta fitar, tsakanin kunyoyin doya da bishiyoyin kashu da ɗorawa. Minti goma da shigarka ƙarar mota ta ɗauke. Sai kukan kurciya, sai raɓa tana jiƙa maka ƙafar wando. Mun haɗu da matan Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa, yadda suka saba, muka ce sannunku da aiki, suka amsa da fara'a, ɗaya ta nuna mana inda ake tsallake ƙoramar ba a jiƙe ba. Rabona da in ji numfashina da kunnena har na manta.

Ba na ɓoye batun tsaro. Kowa ya san abin da yankin Bwari, inda Ushafa take, ya gani na masu garkuwa da mutane a farkon 2024. Mu huɗu muke zuwa, sai gari ya waye sosai, ba ma nisa da gonaki, kuma mun gai da mai unguwa ya san da mu. Gonar mutane ce, ba ma tsinkar ko ɗan kashu ɗaya.

Roƙona ga hukumomin Abuja ba babba ba ne. A kowace unguwar bayan gari a bar bakin rafi ɗaya, a share turba, a hana gini, a hana lasifika. Ba sai an zuba siminti ko fitilu ba. Asabar da ta wuce, a kan turbar nan tamu, na ƙirga sababbin turakun awon fili guda shida, an shafa musu jan fenti, ɗaya a gindin babbar ɗorawar da muke hutawa.