Hoton takarda ba rubutu ba ne

Wai har yanzu akwai masu kare makarantar nan ta Zariya da ta ɗauki hoton jerin sunayen ɗalibai da waya, a karkace, ta manna a shafinta, ta ce ta sanar da kowa. Sannunku da ƙoƙari! Kowa ban da makafi ke nan.

Makaho yana aiki da kwamfuta ne ta manhajar da ke karanta masa allo da murya. Irin wannan manhaja mai suna NVDA kyauta ce, makafi ne 'yan Ostireliya suka fara ta a 2006, har a filashi ana ɗora ta a shiga da ita kafe a Sabon Gari. Windows na da Narrator, ka danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter ya fara magana. Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver. Dukkansu haruffa suke bi. In suka iso kan hoto, galibi sai su ce hoto ne, su wuce. Shafi guda na sunaye ya koma kalma ɗaya.

Wani zai ce ai NVDA na iya zaƙulo rubutu daga hoto in aka danna maɓallan Insert da R. Tana iyawa, in hoton ya fita tas. Amma ga inuwar hannu, ga hatimi a kan suna, sai sifili ya koma harafin O, lambar rajista ta lalace. Mai cewa ɗan'uwan makahon ya karanta masa kuwa, kai za ka yarda kullum sai wani ya riga ka ganin sakamakonka?

Abin takaicin, a Word aka buga takardar nan. Da an adana ta PDF kai-tsaye an ɗora, magana ta ƙare. Ga gwaji: ja linzamin kwamfuta a kan kalma, in ta haskaka rubutu ne, in ta ƙi hoto ne. A sa kanun bayani da salon Heading na Word, don makaho ya danna H ya tsallaka sashe zuwa sashe. Don Allah, wannan ba ya cin ko sisi, kuma tun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Af, ku taɓa sa muryar Turanci ta karanta muku Hausa. In ta zo kan ƙ da ɗ da ɓ, sai ka rantse Bature ne ya kurɓi koko mai zafi.