Lambar Laftanar Wright da mutum 44 na Kwatarkwashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi, ko da bai san sunansa ba. A ƙarshen watan Fabrairu na 1903, a dajin da ke wannan yanki, wani matashin hafsan Ingila, Laftanar Wallace Wright, ya ci karo da rundunar Kano tana komawa gida daga Sakkwato. Abin da ya faru ranar ya sa aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta da babu wadda ta fi ta daraja a sojan Ingila. Takardar da ta ba da dalilin lambar gajeriya ce. Ta ce Wright, da hafsa ɗaya da soja 44, ya tare hanyar abokan gaba, ya jure farmakin mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000 har awa biyu. Ta ce bayan an yi musu ɓarna mai yawa sun ja da baya cikin tsari, shi kuma ya bi su.

Na karanta waɗannan layuka sau da yawa, kuma kullum a wuri biyu nake tsayawa: kan "soja 44" da kan "cikin tsari".

Bari in fara da abin da wasu ba za su so ji ba. Wright ba matsoraci ba ne. Mutumin da ya tsaya da 'yan tsiraru a fili, dawakai suna sukuwa a kansa, bai juya ba, yana da zuciya. Ba na cikin masu ganin dole sai mun ƙasƙanta abokin gaba kafin mu girmama kakanninmu. In ma muka ce rago ne, me muka faɗa ke nan game da waɗanda suka kasa karya sahunsa? Gardamata ita ce lambar girma irin wannan ma'auni ne da aka yi shi don auna mutum ɗaya, kuma mun daɗe muna karanta tarihin 1903 ta bakin wannan ma'auni ba tare da mun lura ba.

Su wa ye mutum 44 ɗin? Ba daga Landan aka kawo su ba. Sojoji ne na rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa tushenta tun kafin a shiga ƙarni na ashirin, kuma akasarin irin waɗannan sojoji Hausawa ne da Yarbawa da sauran mutanen ƙasar nan. Da Hausa ake ba su umarni. Tun zamanin Gulba (John Glover), Baturen da ke mulkin Ikko, a 1863, Turawa suke ɗaukar masu jin Hausa aikin soja, kuma da yawa daga cikin na farkon bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Lokacin da Kanar Morland ya tunkari ganuwar Kano ya ci birnin ranar 3 ga Fabrairu, Turawan da ke tare da shi ba su kai hamsin ba, baƙaƙen sojoji kuwa sun haura 700. Hannun da ya ɗana bindiga a Kano, da Kwatarkwashi, da Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris, galibi baƙin hannu ne. Wannan magana tana da ɗaci, kuma ina ganin ɗacinta ne ya sa muke tsallake ta a makarantunmu. Mun fi so mu ce "Nasara ya ci ƙasar Hausa", mu rufe littafi. Amma dole a tambayi abin da ya sa ɗan Katsina ko ɗan Zazzau ya yarda ya harbi Bakano don albashin Bature. Wani talauci ne ya kai shi, wani ganima yake nema, wani kuma yana da tabon bauta a jiki da zuci, ba ya ganin masarautar da ake yaƙa a matsayin tasa. Wanda ya ƙi kallon wannan ba zai taɓa gane yadda daula mai girman Sakkwato ta faɗi cikin 'yan watanni ba.

Waɗannan sojoji ma an ba su lamba, kada a ce na ɓoye. Akwai lambar gama-gari ta yaƙe-yaƙen Afirka da aka ƙirƙira a 1902, wadda ake maƙala mata ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan yaƙin, kamar na Arewacin Nijeriya 1903, kuma baƙi da fari duk sun samu. Sai dai tsakanin lambar "na halarta" da lambar "na yi jarumta" akwai tazara mai nisa. Ta farko ba ta canza rayuwar kowa ba. Ta biyu ta bi Wright har kabari: ya kai muƙamin birgediya janar, ya zama ɗan majalisar dokokin Ingila mai wakiltar Tavistock a 1928, ya mutu a 1953, kuma har yau ana iya bin tarihin aikinsa shekara bayan shekara. Morland ya zama babban janar, ya jagoranci runduna guda a yaƙin Somme a Faransa a 1916. Lugga ya zama gwamnan Nijeriya duka, daga baya ya shiga majalisar iyayen ƙasa ta Ingila. Ga hafsan Ingila na wancan zamani, ƙananan yaƙe-yaƙe irin namu tsani ne. Wanda ba shi da dukiya ko dangi a sama yakan nemi a turo shi Afirka ta Yamma duk da zazzaɓin cizon sauro, saboda a nan ne ake samun faɗa, kuma faɗa ne ke kawo ambato a rahoto, ambato ya kawo lamba, lamba ta kawo ƙarin girma. Tsarin da ke saka wa mutum bisa yawan artabun da ya yi ba zai haifar da masu son sulhu ba.

Sai kalmar "cikin tsari". Wannan shaida ce daga bakin abokin gaba, kuma ba don ya yabe mu ya rubuta ta ba. Mutanen da akasarinsu takobi da mashi da baka ke hannunsu sun yi ta afka wa bindigogin Turawa na tsawon awa biyu, suna ganin 'yan'uwansu suna zuba, kuma da suka juya ba a tarwatse suka juya ba. Sarkinsu Alu ya riga ya rabu da su da dare, birninsu yana hannun Nasara, duk da haka suka bi Waziri Ahmadu. A gumurzun wannan yanki ya faɗi, shi ya sa Kanawa ke ce masa Mai Shahada. In jarumta ita ce tunkarar abin da ka san zai iya kashe ka, to wa ya fi tunkarar mutuwa ranar, wanda ke cikin sahu da bindiga ko wanda ke kan doki yana nufo bakinta?

Haka aka yi a Burmi, cikin jihar Gwambe ta yau, ranar 27 ga Yuli. Littattafan Turawa sun adana sunan Manjo Marsh, wanda kibiya mai dafi ta kashe. A ɗaya ɓangaren mutum sama da 600 suka kwanta tare da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, kuma in ka cire shi da 'yan manyan da ke kewaye da shi, sauran sun zama adadi kawai. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da hijira gabas, ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yanzu ke amsa sunansa.

Wani zai ce kowace ƙasa nata take karramawa, don me za mu yi tsammanin Ingila ta rataya wa Waziri Ahmadu lamba? Gaskiya ne, kuma ni ban nema ba. Lambobin Ingila kayan mulki ne, suna bin wanda ya yi wa mulkin amfani. Bayan an murƙushe Satiru, garin da ya yi wa Turawa tawaye kusa da Sakkwato, a Maris na 1906, aka kashe mutane kusan 2,000 aka rushe garin, Turawa sun ba Sarkin Musulmi Attahiru na biyu lambar CMG, ɗaya daga lambobin girma na masarautar Ingila, saboda ya tsaya tare da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da lambar ke aunawa.

Abin da ke damuna namu ne. Majalisar dokokin jihar Kaduna tana zama a zauren da ke ɗauke da sunan Lugga, ɗalibanmu suna haddace sunansa, amma ɗan sakandare nawa ne a Kano zai iya faɗin abin da ya faru a Kwatarkwashi? Kuma aikin ba gagara ba ne. Lambar nan ta gama-gari ana zana sunan mai ita da lambarsa ta soja a gefenta, kuma rajistar waɗanda aka ba tana nan a ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew. Sojojin sukan shiga rajista da sunan yanka haɗe da sunan garinsu, abin da ke nufin za a iya sanin inda da yawansu suka fito. A gefenmu akwai takardu a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami a hannun gidajen malamai, akwai zuriyar masu sarauta da suka san wane kakansu ne bai dawo daga Kwatarkwashi ba. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani suna ƙarewa.

Sashen tarihi na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki, in gwamnatocin Kano da Zamfara da Sakkwato da Gwambe suka ɗauki nauyinsa. Ina so a fara da jerin sunaye biyu na rana ɗaya: na waɗanda suka tsaya a sahun Wright, da na waɗanda suka yi sukuwa a kansu, iya waɗanda aka iya ganowa, kowa da garinsu.