Yakubu: sunan da ya zaga duniya ya dawo Bauchi

Ranar Asabar aka raɗa wa ɗan ƙanena suna Yakubu a unguwar Jahun. Muna zaune kan tabarma ana rabon goro da dabino, sai kawunmu ya ce ai sunan Larabci ne tsantsa. Na ce: "Kawu, Allah ya ja kwana, ko malaman nahawu a cikin sunayen ajami, wato waɗanda asalinsu ba Larabci ba ne, suke lissafa shi, shi ya sa ba ya karɓar tanwini." Ya yi shiru, can ya ce in ci gaba.

Asalinsa Ibrananci ne, Ya'aƙob. An fi danganta shi da kalmar da ke nufin diddige, don a Attaura an ce tagwaye aka haifa, Annabi Yakubu kuwa ya fito riƙe da diddigen ɗan'uwansa Isuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne Larabci ma yana da wannan tushen: aƙib shi ne diddige, daga nan kuma muka samu aƙiba, wato abin da ke biyo baya. Duk sanda na kai aya ta 71 a Suratu Hud, inda aka yi bushara da Ishaƙu, bayansa kuma Yaƙubu, sai na tuna wannan ma'anar.

Da sunan ya shiga Turai sai ya yi rassa. Latin ta ce Yakobus, Rasha Yakof, Faransa Jak, Ingila kuwa ta samu biyu, Jekob da Jems. Santiyago, babban birnin Cile, ma'anarsa Waliyyi Yakubu. Mai shakka ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wasiƙar da Turawa ke kira ta Jems sunan Yakubu ne a kanta.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana raba sunan nan gida biyu, wai Yakubu namu ne Musulmi, Jekob na Kiristoci. A Bauchi kuwa! Garin da ake yi wa kirari da Bauchin Yakubu, saboda Malam Yakubu, ɗan ƙabilar Gerawa, ɗalibin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya karɓo tuta ya kafa masarautar. Yakubu Dogara kuma, Kirista ɗan Bogoro, ya riƙe kujerar kakakin majalisar wakilai daga 2015 zuwa 2019 da wannan sunan, ba a canza ko harafi ɗaya ba. Haka Janar Yakubu Gowon.

Da muka gama, wata maƙwabciyarmu 'yar Tafawa Ɓalewa ta shigo barka da kwanon masa. Ta karɓi jaririn ta tambayi sunansa. Da aka faɗa mata sai ta rungume shi, idonta ya ciko, ta ce: "Ashe babana ne ya dawo."