Kujerar ɗan majalisar jiha a Filato: wa ke riƙe da ita?

Duk wanda ke son sanin yadda rayuwar siyasar ɗan majalisar jiha take a Filato, to ya dubi tafiyar Simon Lalong. Mutanen Shendam sun zaɓe shi a 1999 ƙarƙashin PDP, ya zama kakakin majalisa a 2000, ya riƙe kujerar har 2006, shekarar da wasu tsirarun 'yan majalisa suka tsige Gwamna Joshua Dariye. Majalisar tana da mambobi 24, tsarin mulki kuma ya ce sai kashi biyu cikin uku, wato mutum 16, sun amince kafin a tsige gwamna, shi ya sa Kotun Ƙoli ta soke tsigewar a 2007. Guguwar ta tafi da kujerar Lalong, amma bai faɗi ƙasa warwas ba: ya dawo gwamna a 2015 ƙarƙashin APC, ya yi shekara takwas.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru a 2023. Lalong ya sha kaye a zaɓen sanatan Filato ta Kudu, kotu ta ba shi kujerar. Hujjar da aka kafa, cewa PDP ba ta da halastaccen shugabanci a jihar, ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara da ita wajen korar 'yan majalisar jiha 16 na jam'iyyar. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, wanda shi ma PDP ce ta tsayar da shi, sai dai shari'ar ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, saboda haka gwamna ya tsira, su kuwa suka koma gida da ƙuri'unsu a hannu.

A ganina, mu mutanen Jos muna da namu kason a wannan rauni. Muna auna wakilinmu da buhun shinkafar azumi da abin da ya ajiye wurin suna ko biki, ba ma tambayarsa me ya ce ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi. Wakilin da mazaɓarsa ba ta san aikinsa ba, dole ya nemi inuwar gwamna ko ta uban gida a jam'iyya, domin su ke ba da tikiti. Ya kamata 'yan majalisar tarayya daga Filato su nemi a gyara sashe na 246 na tsarin mulki, yadda ɗan majalisar jiha zai iya kai kukansa Kotun Ƙoli.