Zaɓen fidda gwani: Wanda kake so, ko wanda aka ce zai ci?

Duk lokacin da aka buga gangar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Amurka, akwai maganar da ba ta barin bakin masu jefa ƙuri'a: "Wane nake so, amma ba zai kai labari ba." Sai mutum ya ajiye wanda ya kwanta masa a rai, ya dangwala wa wanda yake zaton maƙwabcinsa zai zaɓa, alhali maƙwabcin ma lissafin da yake yi ke nan. A ganina wannan kuskure ne, kuma zaɓukan nasu sun sha nuna haka.

A ɗauki zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokrat a shekarar 2008. Kafin a fara kaɗa ƙuri'a, baƙaƙen fata da dama Hillary Clinton suke mara wa baya. Da yawansu suna son Barack Obama, tsoronsu dai shi ne fararen fata ba za su taɓa zaɓar baƙar fata ba. Sai ga shi ranar 3 ga Janairu jihar Iowa, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na jama'a fararen fata ne, ta ba shi na ɗaya, Clinton ta zo ta uku. Kafin watan ya ƙare ya lashe Carolina ta Kudu da kusan kashi 55. Obaman nan dai shi ne na watan Disamba, zaton mutane ne ya sauya.

Yadda 'yan Dimokrat suke zaɓen a Iowa a wancan lokacin abin dubawa ne. Cikin sanyin dare ake taruwa a zauren makaranta ko na coci, magoya bayan kowane ɗan takara su tsaya a kusurwa guda, a ƙirga kawuna. Ɓangaren da bai kai kashi 15 ba sai a ce ya watse, sauran su yi ta zawarcin mutanensa ido da ido. Wato sai ka fara tsayawa inda zuciyarka take, a ƙirga ka, sannan a zo maganar sasanci. Mai cewa "ba zai ci ba" tun daga gida ya tsallake matakin farko ke nan.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A 1972 matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam sun ɗora George McGovern har ya samu tikiti, Richard Nixon kuma ya yi masa kaca-kaca, ya kwashe jihohi 49 cikin 50. So kaɗai ba ya cin zaɓe, wannan na yarda. Amma wa ya iya hango mai ci? A 2020 Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, har masu sharhi (irinmu ke nan) sun fara yi masa jana'izar siyasa. Ɗan majalisa Jim Clyburn ya fito ya goyi bayansa, ya ci Carolina ta Kudu ranar 29 ga Fabrairu, labari ya sha bamban.

Kuma ƙuri'ar wanda ya sha kaye ba ta bin iska. Bernie Sanders bai samu tikiti a 2016 ba, amma yawan mutanen da suka tsaya masa ya sa jam'iyyar ta shigar da mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa cikin manufofinta. Da kowa ya gudu tun farko, da me zai riƙe ya zauna teburin ciniki?

Ita kuwa Clinton, wadda ta samu tikitin a 2016, kuma jiga-jigan jam'iyya suka ce ita ce mai iya cin babban zaɓe, ta fi Donald Trump yawan ƙuri'u da kusan miliyan 3, amma Michigan da Wisconsin da Pennsylvania suka suɓuce mata, kujerar ta tafi, domin a Amurka cin jihohi ne ke ba da kujerar, ba jimillar ƙuri'u ba. Ban ce da Sanders aka tsayar da ya ci ba. Sai dai biyu daga cikin jihohin nan uku, Michigan da Wisconsin, shi suka zaɓa a fidda gwani.