Yadda Awa Ɗaya Ta Kusa Bar Ni a Italiya

Shekara 35 na yi ina aikin akanta a ma'aikatar gwamnati, kuma har na yi ritaya ba a taɓa kama ni da kuskuren kwabo ɗaya ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da lissafin ɗaya ya kayar a bainar jama'a, a gaɓar Bahar Rum.

'Yata da ke aure a Basalona ita ce ta gayyace mu, ni da mahaifiyarta, ta ce za ta biya mana tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda yake kwana yana tafiya, gari ya waye ya tsaya a wani birni. Ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar Tiga, shi ma daga nesa. Da ta nuna mini farashin ɗakuna, sai jinin akanta ya motsa. Na ga akwai ɗaki mai baranda, akwai mai taga, akwai kuma na can ciki wanda ba shi da ko hudar allura, kuma shi ne mafi arha. Ta ce, "Baba, ni zan biya fa." Na ce mata kuɗin 'yata ai kuɗina ne, kuma ban ga dalilin sayen taga ba alhali ruwan da za a gani ta cikinta iri ɗaya ne daga Litinin har Lahadi.

Tun a bakin tasha aka fara yi mini karatu. Na'urar binciken kaya ta tono dutsen gugata da butar dafa shayi ta lantarki, aka karɓe su aka ba ni takarda, aka ce sai ranar sauka, domin ba abin da masu jirgi suke tsoro kamar gobara. Butar alwala kaɗai ta tsira, bayan ma'aikacin ya jujjuya ta yana neman inda ake sa mata waya. Daga nan aka ba kowannenmu kati guda, wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu, tunda ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgin. Duk wanda ya yi aikin kuɗi ya san cewa kuɗin da hannu bai ƙirga ba sun fi saurin tafiya.

Ban gama kwance kaya ba sai ƙaho ya yi kuka, gajeru bakwai da dogo ɗaya. An rubuta a bayan ƙofa cewa wannan ita ce alamar hatsari, kuma ni mutum ne mai girmama rubutu. Na zura rigar ceto a kan babbar riga, na cusa fasfo a hula, na ja hannun Hajiya ina salati, muka gangara bene huɗu. Sai da muka isa na tarar da jama'a a tsaye suna hamma, jirgin kuma yana ɗaure a tasha bai ko motsa ba. Ashe gwaji ne, wanda doka ta wajabta a yi wa fasinjoji kafin tashi ko da zarar an tashi, dokar da aka tsaurara bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Ban ga laifin dokar ba. Abin da ya dame ni shi ne Hajiya, wadda ta ce ta ji sanarwar gwajin tun ɗazu, amma ta ga ina sauri ba ta so ta katse ni.

Ɗakin arha kuwa ya nuna mini halinsa tun daren farko. Idan aka kashe fitila, tsakar dare da hantsi duk ɗaya ne, babu zakara, babu ladan, babu hasken alfijir. Alƙibla ma ta zama wani aiki, domin malaminmu ya gaya mini tun a gida cewa mai salla a jirgin ruwa yana fuskantar alƙibla, idan jirgi ya juya kuma shi ma ya juya gwargwadon iko. To, ina mutum zai san jirgi ya juya a cikin akwati? Dole na riƙa hawa can sama da asuba, a cikin sanyin iska, ina kallon inda gabas za ta yi ja, sannan in ɗan karkata dama, wato ina kallon ruwan nan dai da na ƙi sayen taga dominsa.

Sannan ga batun waya. 'Yata ta gargaɗe ni cewa idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya tana kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda tsadarsa ba ta da kunya. Maimakon in koyi yadda ake rufe layin kawai, sai na yanke hukuncin kashe wayoyinmu biyu ɗungurungum, na kulle su a akwatin ajiya. Agogon hannuna kuma na bar shi a kan lokacin Najeriya, saboda ban san yadda ake juya shi ba kuma girman kai ya hana ni tambaya. A lokacin zafi, agogon Sifaniya da Faransa da Italiya yana gaba da namu da awa ɗaya, don haka abin da ake buƙata kawai shi ne in ƙara ɗaya a kaina. Na yi hakan lafiya a Marsey, na yi a Jenowa.

Ranar Juma'a muka wayi gari a Cibitabekiya, tashar da jiragen ruwa suke tsayawa idan za a je Rum, tazarar kusan kilomita 80. Kamfanin jirgin yana shirya motocin da za su kai mutane su dawo da su, kuma ƙa'idar ita ce jirgi yana jiran waɗanda suka bi motarsa idan suka makara, amma wanda ya tafi da ƙafarsa, shi da Allahnsa. Na duba farashinsu, na duba na jirgin ƙasa, na ga bambancin ya isa sayen rago. Allon bakin ƙofa ya ce kowa ya dawo ƙarfe 6:30, jirgi zai tashi ƙarfe 7:00.

Gaskiya ranar ta yi daɗi. Mun yi Juma'a a babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, wanda yake cikin mafiya girma a Turai, na haɗu da 'yan Senegal da Larabawan Maroko har da wani Bazabarme da muka gaisa da Hausa. Daga nan muka je Kolosiyam, wannan zagayen gini da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, inda na tsaya ina yi wa Hajiya bayanin yadda sarakunan zamanin da suke ɓarnar dukiyar talakawa. Ina cikin bayani na duba agogo na ga ƙarfe huɗu, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ragewa ake yi. Na sanar da Hajiya cewa ƙarfe uku ne, muna da lokaci har na shan shayi.

Mun zauna, an kawo shayi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Alhaji, agogon kantin magani can ya lalace ne? Na ga biyar da kwata." Na ce na Turawa ma yana lalacewa. Ta nuna mini na bangon shagon da muke ciki, ta nuna na hannun mai kawo shayi, ta tambaye ni cikin ladabi ko duk na garin ne suka lalace tare.

Jirgin ƙasa yana cin fiye da awa guda, ban da zuwa tasha, ban da motar da za ta shigar da mutum cikin tashar ruwan, don haka babu maganarsa. Na tare tasi, direban ya faɗi kuɗi, ni da nake taya tumatir a kasuwar Rimi na ce masa "to" ba tare da ko tari ba. Duk tsawon hanya ina tuna abin da aka gaya mana, cewa wanda ya makara, a kan bar masa fasfonsa wurin wakilin jirgi a tasha, shi kuma ya nemi hanyar riskar jirgi a zango na gaba da kuɗin aljihunsa. Zangonmu na gaba Palermo ne, a tsibirin Sisili. Hajiya ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja, kuma na fi son a zage ni da irin wannan shirun.

Bakwai saura minti goma muka isa, ma'aikata sun kama tsanin shiga za su janye. Na naɗe babbar riga a kafaɗa na zuba da gudu, gudun da ban yi irinsa ba tun ina firamare, takalmina ɗaya ya fice ban waiwaye shi ba. A sama kuwa masu ɗakunan baranda sun fito reras suna tafi da fito, wasu suna ɗaukata a waya, lasifika kuma tana kiran wani suna da na daɗe kafin na gane nawa ne. Hajiya ta taho a bayana cikin natsuwa, ta sunkuya ta ɗauki takalmin, ta ɗaga wa jama'a hannu kamar matar gwamna.

Daren ƙarshe aka turo takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa, da kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, da na ruwan gora da na yi zaton kyauta ne. Na zauna na haɗa da kuɗin tasi, na debe abin da na tsimi a taga da motar kamfani, na sake lissafawa har sau uku ko amsar za ta canza. Hajiya ta leƙo ta kafaɗata, ta dubi takardar, ta ce, "Alhaji, wannan karon ƙarawa kake yi ko ragewa?"